Mamatan da Ba Su Shiga Lissafi ba: Haɗurran Hanya a Nijeriya Daga Mahangar Aliero, Jega da Maiyama

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki alƙaluman mace-macen haɗurran hanya da hukumomin Nijeriya ke fitarwa, ta aza su kusa da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ta nemi dalilin tazarar da ke tsakaninsu a kan hanyar da ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama a Jihar Kebbi. Hujjar takardar ita ce, akasarin waɗanda hanya ke kashewa ko naƙasawa a irin waɗannan garuruwa ba sa shiga kowane kundi, kuma matakin farko na gyara shi ne mutanen yankin su fara ƙidayar da kansu.

Gabatarwa

Shugaban zama, iyayenmu sarakuna, malamai da ɗalibai.

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi kudu ta Tambuwal, sai ya bi ta Aliero, ya shiga Jega, ya wuce Maiyama da Koko da Yawuri, kafin ya faɗa Jihar Neja ta Kwantagora. Wannan ita ce babbar hanyar tarayya mai lamba A1, wadda ta haɗa Legas da Illela a kan iyakar Jamhuriyar Nijar. A Jega ne kuma hanyar Birnin Kebbi ke haɗuwa da ita. Jega ba baƙuwar fatake ba ce, domin tun ƙarni na 19 kasuwarta ta yi suna a ƙasar Gwandu. Abin da ya canja shi ne abin hawa. Inda jakuna da raƙuma ke takawa a hankali, yanzu tirela da tanka ke shararawa, alhali garuruwan suna nan a bakin hanya yadda suke, da makarantunsu da masallatansu da masu tallarsu.

Ni ɗan wannan hanya ne, kuma na yi ta'aziyyar waɗanda ta ci fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wannan rashin iya ƙirgawa shi ne batun takardar.

Abin da alƙaluman ƙasa ke faɗa

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ita ce ke fitar da adadin da jaridu da gwamnati ke dogara da shi. A 2016 ta ƙirga mamata 5,053. A 2022 adadin ya hau zuwa 6,456 a cikin haɗurra 13,656. A 2023 ya sauko zuwa 5,081 a haɗurra 10,617, sannan a 2024 ya koma 5,421 a haɗurra 9,570. Wato kusan mutum 15 ke nan a kowace rana.

Wanda ya kalli jerin a gurguje zai ce abin ya tsaya wuri ɗaya, tsakanin 5,000 da 6,500, har ma ya yi murnar cewa yawan haɗurra na raguwa. Amma a raba yawan mamata da yawan haɗurra a ga abin da zai fito. A 2022, kowane haɗari 100 ya ci rai kimanin 47. A 2023 ya ci 48. A 2024 ya ci kusan 57. Haɗurran da ake rubutawa sun ragu, amma kowane ɗaya ya fi na da kisa. Ba a rasa dalili ba. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma a fahimtata abu biyu suka biyo baya: mai mota ya rage fita, talaka kuma ya ƙara cunkusa kansa a cikin duk abin da ke tafiya. Sai ga kuma bala'in tankokin mai. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, sama da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar man tankar da ta faɗi. A mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, cikin Janairu 2025, an sake maimaitawa, aka rasa fiye da 80. Hukumar da kanta ta ce mutum 411 daga cikin mamatan 2024 wajen ɗibar mai suka rasu.

Yanzu a aza wannan kusa da lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. A rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 hanya ta kashe mutum 39,802 a Nijeriya. Shekarar da hukumarmu ta ƙirga 5,053 ke nan. Kusan ninki takwas. A rahoton 2023 ma ƙiyasin Nijeriya bai sauko ƙasa da 30,000 ba, a cikin mutum miliyan 1.19 da hanya ta kashe a duniya a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce mai ƙarancin motoci. Ƙiyasi ƙiyasi ne, ana iya jayayya da hanyar da aka bi aka fitar da shi. To amma ko da an zaftare rabinsa, saura dubban mutane da suka mutu ba wanda ya rubuta. Ina suka shiga? Amsar tana nan gida, kuma kowa a zauren nan ya san ta.

Yadda mamaci ke ɓacewa daga kundi

A ƙa'idar da duniya ke bi, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan haɗari, haɗarin ne ya kashe shi. Jami'in da ya isa wurin haɗari kuwa, gawar da ya tarar yake rubutawa, da waɗanda aka kwasa zuwa asibiti. Idan ɗaya daga cikinsu ya cika bayan kwana tara a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko a asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, da wuya labarin ya komo ya gyara takardar farko. Wannan kenan ga haɗarin da jami'i ya gani.

Wanda bai gani ba ya fi yawa. Babur ya kaɗe yaro a hanyar ƙauye da hantsi, kafin azahar an yi masa sutura, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Haka addininmu ya koyar, a gaggauta jana'iza, kuma ba ina sukar wannan ba ne. Dangi ba sa son a kai gawa mutuware, ba sa son zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Dattawa su zauna a zaure, mai babur ya zo da iyayensa, a ce "kwana ne ya ƙare", uban yaro ya ce "mun yafe", a shafa fatiha. A wajen zumunci an yi abin kirki. A wajen ƙasa kuwa, wannan yaro bai mutu a haɗari ba, domin babu takardar shaidar mutuwa, babu rahoto, babu komai. Kuma wurin da aka kaɗe shi yana nan yadda yake, yana jiran na gaba.

Sai masu rauni. Aliero ta shahara da abu biyu, albasa da ɗori. Daga jihohi masu nisa, har daga Nijar da Benin, ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Na taɓa zama a zauren wani daga cikinsu tun bayan sallar asuba. Majinyata na kwance a kan tabarmi jere da bango, kowa da mai jinyarsa da kwanon abincinsa. Na ga yadda dattijon ke bin ƙashi da babban yatsa a hankali yana kallon fuskar mai ciwo, yaransa biyu su riƙe, ya ja, ya daidaita, ya jera 'yan karare ya naɗe da tsumma, ya yi tofi. Na bi su ina gaisuwa ina tambayar abin da ya faru. Na farko ya ce babur. Na kusa da shi, babur. Na uku manomi ne, mota ta kwashe shi da magariba yana dawowa daga fadama da kekensa. Na tambaye shi ko wani jami'i ya ɗauki bayaninsa. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, wa zai rubuta? Mutanen gari suka aza ni a mota suka kawo ni nan."

A ranar na gane cewa mafi cikar labarin haɗurran wannan yanki ba ya ofis, yana ƙwaƙwalwar maɗora. Ina girmama aikinsu, kuma ina faɗin abin da likitoci ke faɗi ba tare da kunya ba: buguwar kai, da zubar jini na ciki, da karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙashin baya, ba aikin zaure ba ne, asibiti suke bukata cikin gaggawa, kuma ɗaurin da ya yi tsauri yana iya kashe gaɓa har a kai ga yankewa. Masu hankali daga cikin maɗoran sun san haka, suna turawa. Amma wanda ya warke a wurinsu da wanda ya cika a hanya, duka ba su cikin 31,154 ɗin da hukuma ta ce sun ji rauni a 2024.

Mutum a kan buhu

Idan kaka ta yi, albasa ta fito, a je bakin hanya a Aliero da yamma. Tirela na tsaye, 'yan dako na jera buhuna har su zarce bakin bodi. Idan an gama lodi, an ja igiya, sai kashi na biyu ya fara. Samari 'yan cirani su fito da jakunkunansu da gorar ruwa, yaron mota ya karɓi kuɗi, su kama ƙarfe su hau, su zauna a kan buhuna, wasu ƙafafunsu na reto a waje. Haka za su kwana su wuni har Ibadan ko Legas. A Jega a ranar kasuwa, maimakon albasa sai ka ga shanu ne a ƙasa, an gitta katako a sama, mutane a kai. Na ce da wani matashi da ke shirin hawa, "Samari, ba ka jin tsoro?" Ya ce, "Malam, in na biya kuɗɗin bas, mi za ni ci in na isa?" Ban sami abin ce masa ba.

Hatsarin wannan lodi ba ya bukatar dogon bayani. Duk lokacin da nauyi ya yi sama, motar na saurin kifewa a kwana ko idan taya ta faɗa rami. Wanda ke kan buhu ba shi da kujera, ba shi da bel, ba shi da rufi. Ko dai a watsar da shi a kan kwalta, ko kayan su danne shi. A cikin Nuwamba 2023, a ƙauyen Takalafiya da ke Ƙaramar Hukumar Magama a Jihar Neja, tsakanin Yawuri da Kwantagora, wata tirela da ta taso daga Sakkwato da kayan abinci da mutane fiye da 200 ta kife. Aƙalla 25 suka rasu. Motar da ta baro Sakkwato ta nufi Kwantagora, wannan hanya tamu take bi. A yi tunanin yawan garuruwa da shingayen bincike da idanun da mota mai ɗauke da mutum 200 a kan kaya za ta wuce kafin ta kai inda ta faɗi. A Satumba 2024 kuma, a yankin Agaie, tankar mai ta yi karo da motar da ta gwamutsa shanu da mutane, sama da 40 suka ƙone.

Doka ta hana wannan lodi, kuma hukuma ta sha shelar yaƙi da shi. Abin da ya sa bai daina ba shi ne ana neman tare shi a tsakiyar hanya, inda jami'i biyu ko uku ke fuskantar direba da mutum 100 da suka riga suka biya kuɗinsu, ga dare, ga daji. Ko an sauke su, ina za a kai su? Wurin hanawa shi ne wurin lodi, inda shugabannin tasha da 'yan kamasho da dillalan albasa da sarkin kasuwa suka san kowace mota da mai ita. Sai dai hani kawai ba zai ci ba muddin amsar matashin nan na tsaye. Dole a samar da motar fasinja mai rangwame a lokacin cirani, ko daga gwamnatin jiha ko daga ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke cin ribar hanyar.

Babbar hanya a tsakiyar gari

Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun ƙayyade gudun kilomita 50 a sa'a ga ƙananan motoci a cikin gari, 45 ga tirela da tanka. A kan hanya irin tamu mai hannu ɗaya, 80 ne ga ƙananan motoci da bas, 50 ga manyan motoci. Tun 1 ga Fabrairu, 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Jega zuwa Koko zai faɗi ko ana bin wannan.

Mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta taɓa birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke bukata ta tsaya bayan an taka birki ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Wannan ɗan bambanci da direba ba ya ko ji a jikinsa, shi ne tsakanin karaya da likkafani ga yarinya mai tallar gyaɗa da ke tsallaka titi a Maiyama.

Matsalar ita ce hanya guda tana aiki biyu da ba sa jituwa. Ga direban da ya baro Legas jiya, bai runtsa ba, wataƙila ya haɗa da ƙwaya don kore barci, hanyar wucewa ce. Ga mutumin gari, ita ce kasuwa, ita ce tasha, ita ce hanyar makaranta da ta fadama. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006, ɗalibai da 'yan kabu-kabu suka ƙaru a kan titin. Da daddare kuma ga amalanken shanu mara fitila, ga tirelar da ta lalace an bar ta a kan kwalta, alamarta kawai ganyen da aka zuba. Lokacin hunturu hazo ya ƙara rufe ido. Hular kwano kuwa, wadda aka wajabta tun 1 ga Janairu, 2009, kuma take rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100, sai ka wuni a mahaɗar Jega ba ka ga mai ita ba, ga mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya.

A 2024 an ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagry wadda za ta ratsa Kebbi. Muna maraba. Amma kyan kwalta ba ya rage gudu, ƙara shi yake yi, kuma ƙauyukan da za ta bi ta kusa da su suna bukatar a tanadar musu wurin tsallakawa tun a zane.

Kalma ɗaya kan ƙaddara

Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja. Amma shari'ar da ta koya mana ita, ita ce ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Da sakaci ba shi da hukunci, da ba a ɗora wannan nauyi ba. Yafewar dangi tana sauke diyya, ba ta sauke kaffara. Direbobi nawa suka taɓa jin wannan daga mumbari? Ina roƙon malamanmu su mayar da shi darasin huɗuba, musamman gab da bukukuwan salla da lokacin kaka, sa'ad da hanya ke cika.

Mu ƙirga namu

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma Nijeriya na cikin masu alƙawarin. Rabin nawa? Na 5,000 ko na 39,000? Ba za mu iya warware wannan ga ƙasa baki ɗaya daga nan ba, amma ƙananan hukumomi uku da ke jere a kan hanya ɗaya, a ƙarƙashin masarauta ɗaya ta Gwandu, suna iya warware nasu.

Abin da nake ba da shawara ba ya bukatar kwangila. Littafi ne, a ajiye shi a zauren kowane maɗori, da ɗakin gaggawa na asibitocin garuruwan uku, da ofishin kowace tasha, da wurin dagatai da limaman da ke sallar gawa. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda mai littafin ya iya: ina abin ya faru, wane lokaci, wane abin hawa, mai raunin yana tuƙi ne ko an ɗauko shi ko yana tafiya a ƙasa, ina aka fara kai shi, kuma yana raye bayan kwana 30 ko ya rasu. Ba a bukatar sunan direba, domin da zarar mutane sun ji ƙanshin ƙara ko kamu, littafin ya mutu. Ɗaliban jami'ar Aliero da na kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega su riƙa zagayawa duk wata suna tattarawa, su tace wanda aka rubuta sau biyu, su miƙa wa hukumar kiyaye haɗurra da ma'aikatar lafiya da fadar sarki.

Cikin shekara ɗaya za a san kwanar da ta fi cin mutane, da sa'ar da ta fi muni, da ko babur ne ko tirela. Daga nan ne za a san inda za a yi tudun rage gudu na ƙa'ida maimakon wanda matasa ke ginawa cikin fushi bayan an kaɗe wani, da inda za a janye masu kasa kaya daga bakin kwalta, da inda za a kafa fitila, da inda motar ɗaukar marasa lafiya za ta tsaya. Za a kuma san waɗanda ya kamata a koya wa taimakon farko, domin wanda ke fara isa wurin haɗari a nan ɗan kabu-kabu ne da mai shayi, kuma sau da yawa wajen ciccibar mai rauni ake ƙarasa ƙashin bayansa. Su ya kamata su haddace lambar gaggawa ta 122, su kuma san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

Ina roƙon shugabannin jami'a da na kwalejin da ke zauren nan su ba da ɗalibai da malami ɗaya mai sa ido. Ina roƙon iyayenmu hakimai su kira maɗora da shugabannin tasha su yi musu bayani da bakinsu, domin su ne za a ji. A buɗe littafin farko kafin albasar bana ta fara fita.